Ranar da Surukina Ya Tura A-kori-kura

A shekarar da man fetur ya gagari talaka, ni kuwa sai na ga babu abin da a-kori-kurata ta rasa sai kiɗa. Na sa aka ɗaura mata amfilifaya da sifiku, da wani ƙaton akwati a bayan kujera mai rugugi kamar hadari. Mai haɗawa ya ce batirina ya tsufa. Na ce masa ni da motata mun san juna.

Ranar farko na tafi gonakin dam ɗin Watari ɗauko tumatirin surukina, Malam, mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba. Ana lodi na kashe inji don tattalin mai, na ƙure sauti. Masu lodi suna gyaɗa kai, ni kuma ina jingine ina karɓar jinjina kamar wanda ya gina dam ɗin.

Aka gama lodi, na murɗa makulli. Mota ta yi tari ɗaya, ta yi shiru. Masu lodi sun wuce wata gona, rana tana dukan tumatir.

Malam, da ke tsaye a bakin gonarsa, ya matso. Ya naɗe babbar rigarsa, ya koma bayan motar. Ina zaune a sitiyari, ina hango rawaninsa a madubi yana turawa.

Har yau in na durƙusa gaishe shi, sai ya amsa a natse, sannan ya ce, "Da motar ka zo, in naɗe riga?"