Ranar da Kogin Hikima Ya Danna Tebur

Ranar da aka koma ofis, da ruwa gari ya waye, laka har idon sawu. Kowa ya shigo a jiƙe yana tsaki, ban da shugaban sashenmu, wanda ake kira Kogin Hikima. Shi a bushe ya iso, direba na riƙe masa da lema, ƙamshinsa ya riga shi hawa bene.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Zaman aiki daga gida da aka yi, wasu ƙiba suka samu, shi hikima ya samu. Kullum da safe sai ya tara ma'aikata a kwamfuta, ya danna maɓalli ya rufe bakin kowa, sannan ya buɗe nasa.

"'Yan'uwana, na yi nazari mai zurfi. Duk wanda ya tashi da wuri, to ya riga wanda bai tashi ba."

Ba wanda ya taɓa musa masa. Da wane bakin? Akawu tana can tana wanke-wanke, magatakarda yana aske gemu. Shi kuwa ya ɗauki shirun nan girmamawa ce.

Yana da wata ɗabi'a kuma. In an ba shi haushi, sai ya danna nasa maɓallin, ya juya hagu ya zazzage wa matarsa abin da ke cikinsa, ya sake dannawa, ya dawo da murmushi. Ana ganin baki na motsi, ba a jin komai.

To, kujerar mataimakin manaja ba kowa a kanta, Kogi kuma ya ƙwallafa rai. Sai ya shirya laccar maraba, ya gayyato manaja da kansa, ya zo ya ga yadda ake shan hikima.

Aka cika ɗakin taro. Matsalar ita ce mutane sun manta yadda ake sauraro ido da ido. Wannan na hamma da ƙara, wancan ya cire takalmi yana sosa ƙafa. Kogi bai damu ba.

"Ofis gida ne, gida kuma ofis ne. Bambancinsu kawai hanya!"

Manaja, dattijo mai sanƙo da haƙuri, ya duba agogo. "Malam, a ɗan taƙaita, aiki na jira."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji Kogi, haƙora a waje.

Sai yatsansa ya sauka kan tebur, ƙwas! Ya juya hagu, inda akawu ke zaune.

"Kin ji shi ko? Tsohon banza, kai kamar tulu. Ko sa hannu bai iya ba sai an nuna masa wurin. Bari in hau kujerar nan, ki ga yadda zan tura shi gida."

Ƙwas! Ya juyo da murmushi. "Kamar yadda nake cewa, ranka ya daɗe, girmama na gaba shi ne gishirin aiki."

Akawu ta ce a hankali, "Yallaɓai, teburin nan ba ya kashe murya."

Magatakarda ne ya fara fashewa da dariya, har ya zame daga kujera. Kogi ya dubi manaja, ya dubi tebur, ya hau danna shi da hannu biyu kamar mai kiɗa.

Manaja ya shafa sanƙonsa. "Ku bar shi ya ƙarasa. Yau ne na fara jin ya faɗi abin da ba kowa ya sani ba."

Yanzu Kogin Hikima yana ƙasan bene, shi ne shugaban ɗakin ajiyar karyayyun fankoki.