Kibiyoyin da na miƙar wa sojoji

Ba zan taɓa mantawa ba da daminar da ruwa ya hana mu sakat a unguwarmu Briqueterie, shekarar da wanki ke kwana uku a igiya bai bushe ba. A lokacin ne babban ɗana (ba na kiran sunansa, Laftanan nake ce masa) yake kwas ɗin tsara wa sojoji shirin shekara goma: motoci nawa, makanikai nawa, yaushe za a sake su. In Kanal ɗinsu ya yarda da aikin, zai shiga ofishin tsare-tsare nan Yaoundé. In bai yarda ba, sai daji.

Ya shimfiɗa wata ƙatuwar takarda a falo, duk zanen akwatuna da kibiyoyi na fensir, ya fita tarbar Kanal, wanda zai biyo ya duba.

Ni kuwa na yi yaƙi da jahilci, har na uku na zo a ajinmu. Na duƙa ina karantawa a hankali. Sai na ga kibiya ta tashi daga "mota", ta je "gyara", ta zagayo ta koma "mota". Na ce wayyo, gajiya ta sa yana komawa inda ya fito. Na ɗauko abin goge fensir, duk wadda ta juya baya na share ta, na miƙar da sauran da rula. (Har hura takardar na yi, don tsafta.)

Suka shigo. Kanal ya daɗe yana kallo.

"Laftanan, motocinka ba sa dawowa daga gareji?"

Kafin ɗana ya buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe, ni na gyara masa."

"Inna," in ji shi, murya can ƙasa, "komawar ita ce aikin gaba ɗaya."

Kanal ya yi dariya har ya cire tabarau. "Hajiya, kin ba mu rundunar da ba a taɓa yi ba. Kowa ya tafi, ba mai dawowa!" Ya ba shi kwana biyu ya sake zanawa.

Ranar na gane cewa iya karanta kalma daban, sanin abin da ya kai ta wurin daban.

Washegari na dama wa Laftanan kunun gyaɗa, na miƙa masa daga bakin ƙofar falo, yana kan sabon zanen. Ya ce in shigo mana. Na ce a'a, nan ma ina gani.