Majalisar Dawa da Baƙin Bakin Tafki

A wani daji mai tafki ɗaya tak, ana tsakiyar rani, Hankaka ya kawo labari cewa 'yan Adam uku sun kafa tanti a bakin ruwa: miji da mata da 'yarsu wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba.

Nan da nan Zaki ya kira majalisa a gindin tsamiya. Biri, wanda ya taɓa zama a birni ɗaure da igiya, shi ya fara magana.

"Ranka ya daɗe, ruwa ba ya tsami banza. Na san mutum ciki da bai. In ya hura wuta, ɗayanmu zai dafa. A hana kowa zuwa tafki sai an kafa kwamiti ya bincika."

Kura ta ce, "Na goyi baya. Kuma tunda akwai tukunya a maganar, ni ya kamata in shugabanci kwamitin, saboda kishin daji."

Dila ya ce shugabanci na masu ilimi ne. Aka rufe tafki, aka shiga gardamar kujera.

Bushiya tana can baya, ba wanda ya tambaye ta. 'Ya'yanta huɗu sun wuni ba ruwa, nononta ya fara ƙafewa. Da la'asar ta sulale ta nufi tafki, tana cewa a ranta gani ya kori ji.

Ta laɓe a ƙarƙashin sabara. Matar ta ɗora tukunya a kan murhun duwatsu uku, dafa-dukan shinkafa da wake tana tafasa, ƙamshin daddawa ya cika wurin. Dankali na gasuwa a cikin toka. Mijin kuwa ya kafa madubin hangen nesa a ido, yana laluben tsauni.

"Maigida, ka zo ka gyara min itacen nan," in ji matar.

"Dakata, Maman Lantana. Tun safe nake neman ko dabba ɗaya, dajin nan kamar an share shi."

Yana faɗar haka Lantana ta tsuguna a gaban Bushiya, hanci da hanci. Bushiya ta dunƙule, ta miƙe ƙayoyinta, tana jiran mutuwa. Ba abin da ya taɓa ta. Da ta leƙo, sai ta ga ɗan hannu riƙe da gutsuren dankali.

"Am," in ji yarinyar. "Ci."

Bushiya ta ci. Ba ta taɓa sanin wuta na iya sa abu ya yi zaƙi haka ba.

Sai ƙasa ta fara motsi. Giwa ce, tsohuwar da ba ta halartar majalisa, ta ratso itatuwa da ɗanta a gefe. Rana ta yi ja a bayanta, inuwarta ta rufe tantin gaba ɗaya. Madubi ya suɓuce daga hannun mijin. Matar ta yi wuf ta suri 'yarta, ludayi na hannunta, bakinta na salati.

Giwa ta tsaya. Ta dubi uwar da ke rungume da 'ya, ta ja nata ɗan da hanci zuwa ƙarƙashin cikinta. Suka daɗe suna kallon juna, ba abin da ake ji sai tafasar tukunya. Lantana ta ɗaga hannu ta ce, "Babba!" Giwa ta kaɗa kunne, ta sunkuya ta sha ruwa.

"Tsarki ya tabbata ga Mahalicci," in ji mijin.

Bushiya ta fito daga ƙarƙashin sabara. Ta bi sawun Giwa ta sha ta ƙoshi, ta koma ta shayar da 'ya'yanta.

Washegari ta faɗa wa majalisa duk abin da ta gani. Dila ya ce, "Labari mai daɗi, amma ke ba 'yar kwamiti ba ce."

Sai a rana ta uku aka daidaita, Kura da Dila suka zama shugabanni tare. Kwamiti ya isa tafki ya tarar da toka da duwatsu uku. Suka shinshina, suka dawo da rahoto cewa abokan gaba sun gudu saboda tsoron matakan majalisa.

Aka yi wa kwamiti jinjina, aka buɗe tafki, aka kuma zartar da gargaɗi mai tsanani a kan Giwa saboda shan ruwa ba izini. Har yanzu dai ana neman wanda zai kai mata saƙon.