Yadda Ake Ƙwace Lungu Daga Hannun Mai Shanyar Masara

Idan kai da maƙwabcinka lungu ɗaya kuke bi ku shiga gida, kuma ka gaji da raba shi da wani, to gyara zama. Ka bi matakan nan daki-daki, na yi maka alkawari cikin mako biyu lungun zai zama naka kai kaɗai. An gwada su a nan Mubi, a kakar farko bayan mutane sun dawo daga gudun hijira. Wanda ya gwada shi ne Malam Zailani mai atamfa, kuma ya yi nasara, don haka shi za mu riƙa kallo.

1. Ka fara jin an zalunce ka

Malam Zailani ya sayi tsohuwar mota Fijo. Burinsa ɗaya ne, ya shigo da ita har ƙofar gidansa da ke ƙuryar lungu, ta daina kwana a bakin titi awaki suna hawa kanta. Abin da ya tare shi masara ce. Maƙwabcinsa Kwaji yana noma a Vimtim, matarsa Dibora kuma duk kaka sai ta shimfiɗe lungun da shanya kusan daga bango zuwa bango, don nan ne rana ta fi daɗewa. Shekara goma sha biyu Zailani yana raɓawa ta gefe yana cewa sannu da aiki. Kai ma ka manta da waɗannan shekarun, lokacin ba ka da mota.

2. Kada maganar ta fito daga bakinka

Namiji mai daraja ba ya jayayya a kan masara. Idan kun haɗu da maƙwabcin, ka ja gaisuwa har ka tambayi lafiyar kajinsa, sannan ka shiga gida ka aiki matarka. Zailani ya aiki matarsa Ummusalma wurin Dibora da saƙo mai zafi. Sai bayan awa biyu ta dawo, da kwanon dafaffiyar gyaɗa a hannu.

"Kin faɗa mata?"

"Na kusa, Malam. Sai zancen bikin 'yarta Eva ya taso."

Idan haka ta faru da kai, ka ci gyaɗar, amma ka ci fuska a murtuke.

3. Ka bar hon ya yi magana

Ka tsaya a bakin lungu ka danna shi sau uku. Zailani sau tara ya danna kafin Dibora ta leƙo da tsintsiya.

"Sannu da dawowa, Malam. Motanka yana da murya mai kyau."

"Maman Eva, hanya nake so."

"Ga hanya nan a gefe, ka bi a hankali. Masara bai bushe ba."

Ta koma ciki abinta. Ya kulle mota ya raɓa ta gefen, kamar kullum.

4. Ka hana kanka tuna baya

Wannan matakin ya fi sauran wuya. Ranar da gari ya watse, gidajen nan biyu tare suka fita a ƙafa ta kan duwatsu, Kwaji ne kuma ya goya mahaifiyar Zailani inda ƙafarta ta gaza. Duk lokacin da abin ya faɗo wa Zailani sai kunya ta kama shi, zuciyarsa ta yi sanyi, ya ji kamar ya bar zancen. Kada ka yarda da wannan sanyin. Ka fita ka kalli kashin akuya a kan motarka har ranka ya sake ɓaci.

5. Ka nemo shaida

Takardar filin Zailani gara ta cinye ta lokacin da gida yake rufe. Ta Kwaji tana cikin wata jaka da har yau ba a san inda aka yar da ita ba. Saboda haka aka ɗauko Baba Hamman, tsohon da ya sayar musu da filayen, aka kai shi gaban mai unguwa. Aka tambaye shi na wa ne lungun.

"Lungun ban sayar wa kowa ba," in ji shi. "Jakina na bar wa, ya riƙa wucewa."

Jakin ya mutu tuntuni, bai kuma bar magaji ba. Amma gwani ba ya barin dama ta wuce. Nan take Zailani ya ce ashe tun asali wurin na abin hawa ne. Mai unguwa, da yunwa ta fara damunsa, ya yanke cewa hanya ta wucewa ce, shanya ta koma cikin gida. Kwaji ya sa hularsa ya ce, "Ba damuwa, maƙwabci."

6. Ka shiga da ƙasaita

Da la'asar Zailani ya shigo lungu fes, gwiwar hannu a taga, har ƙofar gida. Ya fito ya zagaya motar sau biyu yana jin daɗi har cikin ransa.

Da safe ya tuna abin da ya ɓoye wa kowa tun ranar ciniki: Fijon ba ta da giyar baya. A bakin titi ba ta taɓa buƙatarta ba. Lungun gangare ne zuwa gidansa, ga ƙunci, kuma wuri ɗaya tak mota za ta iya juyawa, wato a buɗe babbar ƙofar Kwaji da ke jikin tasa, motar ta zagaya ta tsakar gidansa. Zai iya tara samarin unguwa su turo ta da baya, amma a ce mai nasarar jiya ne ake turawa yau, kasuwa ba za ta taɓa mantawa ba. Ya ƙwanƙwasa.

Dibora ta buɗe. Tsakar gidan cike yake da masara, ko wurin sa ƙafa babu.

"Maman Eva, ko za a ɗan fitar da masarar lungu na minti biyar?"

"A'a, Malam. Mai unguwa ya hana, ni ba na karya doka. A nan rana kaɗan ne, sai ya yi kwana shida."

"Babu yadda za a yi ta bushe da wuri?"

"Akwai. Idan ana juya shi kullum, ana kore kaji."

Ta miƙa masa manjagara.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin lungu, kuma lungu ya samu. Fitar mota ba ta cikin yarjejeniya. Duk abin da ya biyo baya, ciwon baya ne ko dariyar 'yan kasuwa, babu hannunsa a ciki. Mai ƙorafi ya samu Malam Zailani a tsakar gidan Kwaji bayan azahar, sai dai ya yi magana a taƙaice, don Dibora ta ce ɓangaren da ke jikin bango har yanzu da danshi.