Motar Baba da Ramin Mai Girma

Jama'a, ku taya ni yi wa manyanmu godiya. Ran Litinin da la'asar na dawo daga kasuwar 'yan gwangwan, riƙe da fanbel ɗin injin mota a hannu, sai na tarar an kawo mana ci gaba har ƙofar gida. Da ban kalli ƙasa ba, da na faɗa cikinsa.

Rami ne. Dogo, miƙaƙƙe, tun daga farkon layinmu har ƙarshensa, zurfinsa ya kai ƙirjina, faɗinsa kuwa ko akuyar da aka biyo da sanda sai ta tsaya ta yi shawara. Da safe da na fita babu shi. Na tsaya ina kallon ƙofar gidanmu daga tsallake kamar baƙon da ya zo tambaya.

Maƙwabcinmu mai walda, wanda kowa ke kira Tartsatsi, yana zaune a bakin ramin ya saki ƙafafu ciki.

Na ce, “Tartsatsi, wa ya rasu za a binne layi guda?”

Ya ce, “Magudanar ruwa ce. Ka yi rashin kallo. Mai Girma Mai Almakashi da kansa ya zo, ya yanka ƙyalle, aka tafa, katafila ta yi aikinta, aka sake tafawa, kowa ya shiga mota.”

“Yaushe za su dawo su rufe?”

Ya dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa mai zazzaɓi.

To, bari in koma baya kaɗan, don ku san abin da ya sa ramin nan ya tsaya mini a wuya. Ni ban yi karatu mai nisa ba, kuma ba ni da sauri a komai, ku yi haƙuri da ni.

A tsakar gidanmu akwai wata tsohuwar akori-kura mai fo-wil, wato irin wadda tayoyinta huɗu duka ke ja. Ta Baba ce. Da ita ya ciyar da mu, yana kai kaya ƙauyukan da ko jaki sai an lallashe shi yake shiga. Da yanar ido ta rufe masa gani sai ya ajiye ta, ta zama ɗakin kajin Inna. Su yi ƙwai a kujerar direba, su kwana a bodi, zakara kuma ya hau kan rufin ya yi wa unguwa sanarwa.

Likitocin da ke cire yanar ido ba kullum suke zuwa asibitinmu ba, sau ɗaya ne a shekara, kuma don tsabar dacewa da damina suke zuwa. Ita kuwa hanyar da ta haɗa unguwarmu da kwalta, da zarar ruwa ya sauka sai ta koma tafki mai taɓo. Tasi ba ya shigowa. Masu babur suna shigowa, amma rabin tafiyar a kwance ake yin ta. Bara an ba Baba rana, muka shirya tun da sassafe, muka tsaya a bakin taɓon nan muna kallo har rana ta take. Baba ya ce in riƙe masa hannu mu koma. Bana sun sake ba shi rana, Alhamis ɗin nan, kuma likita ya faɗa mana a fili cewa yanar tana ƙara tauri, kada mu sake wasa da ita.

An yi mana alkawarin hanyar nan tun ina rarrafe. Kowane zaɓe sai a zo a auna ta da igiya. Ina jin babu hanyar da aka san tsawonta a duniya kamar tamu. Da na ga awo ya ƙi ƙarewa, sai na ce tunda an kasa gyara hanya ta dace da mota, bari in gyara mota ta dace da hanya.

Na kori kaji, Inna ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau. Na kwance kafireta na wanke ta a tsohon kwanon da na ɗauka an yar, ashe ba a yar ba. Na juye baƙin mai a bahon wanki, wannan ma ashe ba a yar ba. Lagireto yana yoyo kamar kwando, Tartsatsi ya liƙe shi. Na sauya filogi, na samo batir, na ɗaure wayoyin da ɓeraye suka yi kalaci da su.

Baba kuwa yana kan kujerarsa a gindin bango, ya karkata kai gefe guda. Ba ya ganin ko hannunsa, amma in na tayar da injin sai ya ce, “Auta, kashe. Tana tari ta hagu.”

“Baba, mota ba ta da hagu a tari.”

“Taka ce ba ta da shi. Tawa tana da shi. Duba filogi na ƙarshe.”

In na duba, haka ne. Sai ya yi murmushi ya ce wa Inna, “Yaron nan zai iya, sai dai kafin ya gama mun tsufa.”

Inna ta ce, “Da wa kuka tsufa? Ka yi maganar kanka.”

Da injin ya daidaita sai na shiga ɗaga ta. Na samo sufirin, wato ƙarafan da ke ɗaukar nauyin bodi, na wata babbar mota da ta mutu, muka ƙara a ƙarƙashi, na sa shokazoba masu tsawo, na sa manyan tayoyi masu haƙora. Na ja bututun shan iskarta na fito da shi ta gefen gilashi har saman rufi, don ko ruwa ya kai mata wuya kada ta shaƙe. Salansa ma na ɗaga shi. Da muka gama sai ta yi tsayin da Baba ba zai iya hawa ba, don haka Tartsatsi ya yi mata matakala da marikin hannu a gefen fasinja. Inna ta zagaya ta tana riƙe da haɓa, ta ce, “Wannan mota ce ko raƙumi?”

Fanbel kaɗai ya rage. Shi ne na je nema ranar da aka kawo mana ci gaba.

To, ga mota ta tashi, tana iya ratsa tafki, tana iya hawa tudu, amma ba ta iya fita daga gidansu. Mutum yana tsallaka ramin a kan katakon da muka gitta. Mota ba ta bin katako ɗaya.

Washegari na sa rigata mai kyau na tafi ofishin masu aikin. Kada ku ce ba a karɓe ni ba, an karɓe ni. Har kujera aka nuna mini, sai dai akwai mutum a kai. Da layi ya zo kaina na rusuna na ce, “Ranka ya daɗe, ramin da aka yi mana ya yi kyau ƙwarai, ba a taɓa yi mana irinsa ba. Sai dai ina roƙon a ɗan rufe daidai ƙofarmu, zan fitar da mahaifina asibiti ran Alhamis.”

Ya ce, “Mu haƙa muke yi. Rufewa ofishin sama ne.”

Na hau sama. Na sama yana cin gyaɗa, ya saurare ni da kyau har ya daina tauna. Ya ce rufewa mataki na biyu ne, kuma mataki na biyu ba ya farawa sai an ƙaddamar da shi, ƙaddamarwa kuma sai Mai Girma ya samu sarari.

Na ce, “Ranka ya daɗe, to in mun zuba ƙasa da kanmu daidai faɗin mota fa? In mun dawo mu kwashe.”

Gyaɗar ta kusa sarƙe shi. Ya ce, “Ka cike aikin hukuma? Kai, ka san abin da ake kira ɓarnata dukiyar jama'a?”

Na ce ban sani ba, karatuna bai kai nan ba. Ya ce to in kiyaye. Na yi godiya. Gaskiya na ƙaru, domin da ban je ba, da ban san rami ma dukiya ba ne. Ashe mu masu arziki ne a layinmu, kowa da rabonsa a ƙofar gida.

Da na dawo Baba ya ji takuna ya ce, “Auta, me suka ce?”

Na ce, “Suna dubawa.”

Ya ce, “Ba komai. Duhun ma na saba da shi, na san inda komai yake.” Ya lalubi butarsa ya tashi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ran Laraba aka wuni ana ruwa. Ramin ya cika ya batse, domin an manta a haƙa masa inda zai zubar. Magudana ce mai riƙon amana, duk abin da aka ba ta tana nan da shi. Da yamma Tartsatsi ya leƙo ya ce in zo in ga wani abu a bakin layi.

Masu aikin sun kafa wani ƙaton allon sanarwa a can. A jikinsa an zana layinmu yadda zai koma: kwalta baƙa wuluk, fitilu a jere, itatuwa kore shar, wata mata tana tura yaro a keke. A gefe ga Mai Girma yana murmushi. Ruwan ramin ya zaizaye gindin allon, ya karkata kamar mai jin barci.

Tartsatsi ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa, ya ce, “Ji nan. Tun da nake walda ban taɓa taɓa ƙarfe mai kyan wannan ba. Wannan ko tirela ya ɗauka. Duk ƙarfen aikin nan a allo ya ƙare.”

Na ce, “Kada ya faɗo wa wani a ka.”

Ya ce, “Abin da nake tsoro ke nan. Ya kamata a taimaka masa ya kwanta.”

Ran Alhamis da sassafe mazan layi suka fito, muka taimaka masa. Bai yi gardama ba. Muka ɗauke shi da girmamawa, muna nishi, har ƙofar gidanmu. Nan aka ɗan yi muhawara. Mai shagon kusa da mu ya ce a kwantar da shi fuska sama. Inna daga cikin gida ta ce, “Haba, ku taka fuskar babban mutum da taya? Ba tarbiyya ke nan ba. Ku kifa shi.” Sai muka kifa shi, fuskar Mai Girma tana kallon cikin ramin. Tartsatsi ya ce hakan ma ya fi, ya samu ya duba aikinsa da kyau, ranar da ya zo sauri yake yi.

Na kama hannun Baba na ɗora a marikin, ya taka matakala ya zauna. Ya shafa gaban motar ya ce, “Sa mata fo-wil tun daga nan. Giya ta ɗaya. Kada ka ba ta wuta, lallaɓa ta.”

Lallaɓawa kuwa ita ce sana'ata. Tayoyin gaba suka hau allon, ya yi wata irin ƙara. Na ji gumi har cikin takalmi. Tartsatsi yana gaba yana kiran, “Taho, taho, miƙe sitiyari, taho!” Na baya suka hau, suka sauka. Layi ya ɗauki ihu. Allon ko lanƙwasa bai yi ba. A nan dole in yaba: wanda duk ya ce aikin hukuma ba ya ɗaukar talaka, ya zo in nuna masa.

Tafkin hanya kuwa, ruwa ya kai ƙofa, taɓo ya kama tayoyi, motar ta yi gurnani ta fizge kanta ta wuce. Baba yana dariya kamar yaro, yana dukan cinyarsa yana cewa, “Ita ce! Wallahi ita ce!” Mun isa kafin a fara kiran suna.

Aka yi aiki, muka kwana a can, da safe aka cire bandeji. Baba ya ƙifta ido, ya dube ni ya daɗe, ya ce, “Auta, yaushe ka yi gemu?” Da muka fito wajen ajiye motoci ya tsaya cak. “Me ka yi wa motata? Wannan bututun na mene ne, shisha take sha?” Amma sai da ya zagaya ta yana shafawa, kuma na ga yana goge idon da likita ya ce kada ya taɓa.

Da muka iso layinmu sai na ga abin mamaki. Ofishin da ba shi da sarari ya samu sarari. Tun jiya da rana, in ji Tartsatsi, suka zo da motar ɗaga kaya da ma'aikata cike da wata motar, da wani mai farar riga yana ta faɗa yana tambayar wanda ya taɓa allon. Layi gaba ɗaya ya ce iska ce. Suka ɗaga allon, suka wanke wa Mai Girma fuska da sabulu, suka kafa shi da siminti mai yawa, suka tafi. Ramin yana nan yadda yake, ko cokali ɗaya na simintin bai ɗiga ciki ba.

Na tsayar da motar a waje, tunda yanzu shiga ce ta gagara. Baba ya sauko da kansa, ba tare da ya nemi hannuna ba. Ya tsaya gaban allon, ya rufe ido ɗaya da tafi, ya ƙare wa kwaltar da fitilun da itatuwan kallo.

Ya ce, “Kai, masha Allah. Wannan wace unguwa ce?”

Na ce, “Tamu ce, Baba.”

Ya kalli allon, ya kalli ramin da kwaɗi ke iyo a ciki, ya sake kallon allon. Ya ce, “Auta, juya motar nan mu koma. Ina jin likitan bai gama ba.”

Ban juya ba. Na dai bi bayansa a kan katako ya shiga gida, yana ganin inda yake sa ƙafa, wanda a layinmu yanzu ba ƙaramar baiwa ba ce. Ga masu tambaya kuma ko yaushe za a rufe ramin, ni ban sani ba. Amma in kuna da saƙon gaggawa ga manyanmu, kada ku wahalar da kanku da hawa bene. Ku ɗan jingina da allon kawai.