Tsoho Yana Ci Yana Ramewa

Wani direba ne da ya haɗa motar maigidansa da bishiya ɗaya har sau biyu. A karo na biyun, maigidan ya karɓe makulli ya miƙa masa igiyar doki. Dokin gado ne, ya tsufa tukuf, har sunansa na asali ya ɓace, kowa Tsoho yake ce masa. Haƙora sun zube, gwiwoyi sun kumbura, ido ɗaya ya yi yana, ga tari kamar ana tayar da mataccen janareto.

"Ka tafi da shi gidanka ka yi jinyarsa," in ji maigidan. "Albashinka na nan yadda yake. Amma ka ji da kyau, ranar da dokin nan ya mutu, ranar aikinka ya mutu."

Gogan naka ya ɗauki abin da zafi. Ya kafa turke a bayan gida, ya yi rumfa, ya shimfiɗa yashi mai laushi. Ya shiga ɗakin mahaifinsa ya ɗauko fanka da bargo ya kai wa doki. Safe da yamma sai ya dama niƙaƙƙen hatsi da madara da zuma, ya ajiye masa cike da roba, ya gasa masa gwiwoyi da ruwan ɗumi, ya shafa man zafi. In doki ya yi tari ɗaya, ko loma ce a bakinsa sai ya ruga. Mahaifin nasa kuwa shekara uku ke nan yana tari a ɗakin ƙofar gida, an saba, babu mai ji kuma.

Ana nan sai Tsoho ya fara ramewa. Kullum roba a suɗe tas, amma haƙarƙari sai ƙara fitowa suke. Ya ƙara madara, ya ƙara zuma, a banza. Ya nemi likitan dabbobi, aka ce ya yi tafiya. Ga shi maigida ya aiko cewa jibi zai zo ganin dokinsa. Hankalin mutumin ya tashi. Ya ce a ransa ai likita likita ne, duk allura ɗaya suka karanta. Ya nufi asibitin unguwa, ya yanki kati, ya bi layi.

Likitar wata dattijuwa ce mai tabarau a kan hanci. Ta ce, "Malam, me ke damunka?"

"Ba ni ba ne, Likita. Tsoho ne na baro a gida. Yana ci yana ramewa."

"Allah sarki. Shekarunsa nawa?"

"Wallahi an daina ƙirgawa. Masu sani a haƙori suke dubawa, shi kuma babu haƙoran."

"Me kake ba shi?"

Ya lissafa mata hatsi da madara da zuma, da gashi da man zafi. Likita ta cire tabarau ta dube shi da tausayi. "Allah ya yi maka albarka. Irinka sun yi ƙaranci a zamanin nan. Yana samun barci?"

"Yana yi, amma a tsaye."

"A tsaye? Ba shi da gado ne?"

"Gado kuma? Ai yashi na zuba masa a bayan gida, nan nake ɗaure shi."

Likita ta mayar da tabarau. "Kake me?"

"Ɗaure shi. In na sake shi sai ya shiga gidan maƙwabta ya cinye musu shuka. Ran nan har kashi ya yi musu a ƙofar ɗaki."

"Yana iya tafiya ke nan."

"Da dai. Da har hawansa nake yi zuwa kasuwa. To tun da ya durƙushe da ni a gaban mutane na daina. Yanzu ko bulala aka nuna masa ba ya motsi."

Biro ya faɗi daga hannun likita. Ta ce a hankali, "Bawan Allah, kana tsoron Allah kuwa?"

"Ina tsoro mana. Amma wallahi yanzu na fi tsoron ya mutu kafin jibi. Bayan jibi ma da sauƙi."

Ta miƙe tsaye, ta zari jakarta, ta ce wa masu layi su yi haƙuri. "Wuce mu je. Yanzun nan." Gogan naka har da murmushi a hanya, yana cewa likitan dabbobi bai taɓa zuwa da sauri haka ba, ita kuwa ranta ya ɓaci, ko ji ba ta yi ba.

Suna shiga gida ta nufi bayan gidan a fusace. Sai ta ja ta tsaya. Ga doki a turke, ya langaɓar da kai, yana kallon roba da idonsa ɗaya mai gani. Ga kuma wani dattijo zaune a kan yashi, ya juyo fanka wajensa, ya yafa bargo, gwiwoyinsa suna ƙyalli da man zafi. Roba na kan cinyarsa, yana sha da cokali. Kumatunsa har sun ciko.

Likita ta nuna dattijon. "Wannan ne ake hawa zuwa kasuwa?"

"A'a, wancan ne Tsoho," in ji direban, yana nuna doki. Sai a lokacin ya lura da robar. Ya dafe kai. "Baba, abincin marar lafiya? So kake a kore ni daga aiki?"

Dattijo ya ƙara cokali ɗaya, ya yi tari mai tsawo.

Likita ta durƙusa ta sa masa abin awo a ƙirji. Ta duba bakinsa, babu haƙori. Ta taɓa gwiwoyi, a kumbure. Ta haska ido, ɗaya ya yi yana. Ta dubi doki, ta dubi dattijo, ta dubi ɗan.

"Ciwonsu iri ɗaya ne sak. Shi mahaifin naka wa ke duba shi?"

Gogan naka ya yi mamakin tambayar. "Ai shi ba na Maigida ba ne, Likita."

Likita ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai dattijo ya ɗaga cokali ya tsayar da ita.

"Rabu da shi, 'yata. Ke dai taimaka mini da maganin tari. Wata biyu ke nan ina koyon haniniya, tarin ne ke katse ni."