Ragon da Na Hana Barci

Na sayi farin ragon Balami, na ɗaure shi a tsakar gidanmu na unguwar Biafra da ke Treichville. Tun bai kusanci tunkiya ko ɗaya ba nake hango 'ya'yansa, farare masu dogayen kunnuwa, suna tsalle-tsalle har bakin ruwan Treichville. Don ya ƙara ƙarfi, na rataya masa ampul, wato ƙwan lantarki, mai haske a bisa kai, wai ya kwana yana cin dusa. A ganina barci ɓata lokaci ne ga namiji.

Alhaji Sani, maƙwabcin shagona a Adjamé, ya kawo tunkiyarsa a taksi don barbara. Mutanen gida suka kewaye mu, ni kuwa ina ta gyara hula. Ragon ya shinshine ta, ya ɗora haɓa a bayanta, ya lumshe ido.

Da na kira likitan dabbobi, sai ya ce, "Malam, rashin barci na rage wa dabba sinadarin mazakuta. Kashe masa wutar."

Ragon ya farfaɗo daga baya. Ni kuwa har yau in na yi hamma a shago, sai Alhaji Sani ya sassauta murya ya ce, "Malam, a gaya wa madam ta kashe maka ampul?"